Layin da Ba a Dasa wa Wardi Ba

Burrawee, jihar Victoria
12 ga Mayu, 1986

Zuwa ga Goggo Alwine Zadow,

Gaisuwar girma daga wadda ba ki taɓa gani ba. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, sanyin bana kuma bai kama miki gwiwa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Sunana Noelene. Ni jikar Emil ce, ƙanin mahaifinki. Na zauna na ƙirga dangantakar da yatsu, na ga ke da babana 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa na ce miki Goggo. In na yi karambani, ki yafe mini.

Kaka Emil ya rasu ranar uku ga Afrilu, yana da shekara tamanin da shida. Babana ya riga shi tun ina makaranta, don haka ni na ajiye aikin jinya a Melbourne na dawo na zauna da shi shekara biyun ƙarshe. Ban taɓa jin sunan garinku a bakinsa ba. Sai da nake kwashe kayansa na tarar da ambulan goma sha ɗaya a gwangwanin biskit, kowace da adireshin gonarku a Wendorf, har da kan sarki a manne. Ba takarda ko ɗaya a ciki.

Tsoho ne mai wuyar sha'ani. Rayuwarsa duk a gonakin inabin mutane ta ƙare, bai mallaki ko gindi ɗaya ba. Abin da kawai ya ɗauka da daraja shi ne wani furen wardi fari mai jan baki da ya ajiye cikin rabin ganga a baranda, bisa bulo huɗu. Bai yarda gangar ta taɓa ƙasa ba. Duk bayan shekara biyu yakan sake masa turɓaya, amma sai ya gasa ta tukuna a tanderun girki, faranti-faranti, gida ya kwana uku yana ƙauri. Kakata har ta koma ga Allah tana cewa, “Emil, mutane na gasa burodi, kai kana gasa ƙasa!” Shi kuwa sai ya sake cika faranti.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, kuma ba tone-tone zai kawo ni ba. Ina so ne in ga inda aka haife shi. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun yi shekara sittin ba wanda ya taka. In kin yarda in zo, ki gaya mini yadda ake zuwa, don na duba taswira sau uku kafin na ga garin naku.

'Yarki,
Noelene

Wendorf, Kudancin Ostireliya
29 ga Mayu, 1986

'Yata Noelene,

Na gode da gaisuwa, ina mayar miki da ninkinta. Gwiwa ta kama tun kafin a haife ki, mun saba da juna. Allah ya ji ƙan Baffa Emil. Da na zo kan layin rasuwarsa sai na ajiye takardar, na fita na zauna a kan dutsen bakin rijiya har rana ta karkata. Sauran kuwa sama-sama na bi ta kansa.

Ki zo. Ga yadda za ki yi, kuma ki bi shi daidai, don garin nan ba ya lallashin baƙo. Jirgin ƙasa ya daina tsayawa a nan tun da daɗewa, tashar ma yanzu tattabaru ne fasinjojinta. Ki sauka a Adelaide, ki nemi motar Kwalejin Noma. Talata da Juma'a kawai take tashi. Direbanta Clarrie, za ki gane shi da surutu, mutumin da ko akuya ya ɗauko sai ya san sunan ubanta. Motar tana tsayawa wuri biyu, a ƙofar kwaleji da kuma gaban gidan burodi. Kada ki sauka a kwaleji. Ki wuce gidan burodi, a nan zan jira ki.

Titi ɗaya gare mu, coci uku, don kakanninmu ba su iya saɓani ba sai sun yi gini. In kin ɓata, ki nemi hasumiya mai dogon tsini, ki sa ta a kafaɗarki ta hagu, za ki fito gonarmu. Za ki ga kekuna masu launin rawaya a jingine da shinge ko'ina. Na kwaleji ne, kowa ya ga dama ya hau, ya ajiye inda ya sauka. Ɗaliban nan da aka turo su koyi haɗa giyar inabi, rabinsu ɗanɗanawa kawai suka iya, kullum sai an tsamo keke ɗaya daga kwalbati.

Ni kaɗai na rage a gonar. Ban yi aure ba, kuma ba na neman jaje. Inabinmu kakan kakanki ne ya dasa su da hannunsa, sun haura shekara ɗari da talatin, gindinsu ya fi cinyar Clarrie kauri. A gidanmu, duk yaron da aka tabbatar a coci ana ba shi layi guda, shi zai riƙa datse shi. Ran da ya mutu sai a dasa wardi a kan layin. In kin tsaya a ƙofar gona za ki iya karanta zuriyarmu daga dama zuwa hagu. Layi na farko na Karoline ne, mahaifiyar Emil. Na biyu nasa ne. Shi kaɗai ne ba wardi, sai turke tsirara, don ba mu san ko yana raye ko ya mutu ba, kuma mahaifinsa ya bar rantsuwa. Ni nake datse layin duk shekara, kullum a ƙarshe, kuma ba na son juya wa ƙofa baya in ina yi.

Zan gaya miki wani abu, ki ɗauke shi yadda kika ga dama. Da safe in hazo ya sauka a kwarin nan, tsakanin ƙararrawar ƙarfe bakwai da fitowar rana, nakan ga mutum tsaye a wajen ƙofar gona. Hula a hannu, ba takalmi. Ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya kira. Tun ina yarinya nake ganinsa, bai tsufa ba ko da gashi ɗaya. Na daɗe da yanke cewa Baffa Emil ya mutu tun da wuri, tunda matattu ne aka sani da irin wannan tsayuwa. Sai ga takardarki ta ce sai Afrilun nan ya cika. To wa nake gani shekara sittin? Fasto ya ce in rage shan kofi.

Ki zo a Yuli, lokacin datsa. Ki zo hannu rabbana, kada ki ɗauko komai daga can.

Goggonki,
Alwine

Burrawee
24 ga Yuni, 1986

Goggo,

Barka da sanyi, da fatan ke da gwiwar kuna zaman lafiya. Ni ƙalau. Na yi dariyar cocinku uku har maƙwabciya ta leƙo. Maganar mutumin ƙofa kuwa ba ta ba ni dariya ba. A watanninsa na ƙarshe, Kaka yakan tashi da sassafe ya tsaya a bakin baranda ba takalmi, ya zuba wa hanya ido. In na ce, “Kaka, sanyi zai kama ka,” sai ya ce, “Ba a ce in shigo ba tukuna.” Na ɗauka rikicin tsufa ne.

Zan zo ranar Talata, takwas ga Yuli. Gobe zan wuce Melbourne in daidaita maganar komawa aiki, daga can zan hau jirgi. Kada ki wahalar da kanki da amsa, ba za ta same ni ba.

Kin ce in zo hannu rabbana. Haba Goggo, kowace mai masauki haka take faɗa. Akwai wani abu nasa da ya kamata ya dawo gida, ni kuwa zan kawo shi. Kada ki tambaya, ki bari ki gani.

'Yarki,
Noelene

Wendorf
2 ga Yuli, 1986

Noelene,

Lafiya lau, ke ma Allah ya sa haka. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Clarrie zai wuce da jakar wasiƙu ƙarfe goma. Kin ce amsa ba za ta same ki ba, amma zan rubuta, ko Allah zai sa ki juyo ɗaukar wani abu.

Mene ne za ki kawo? In littafin waƙoƙinsa na coci ne, ko agogo, ko hoto, madalla. In kuwa abu ne da ya taɓa ƙasa, ki ajiye shi inda yake. Na ɗauka duk wanda ya fito daga tsatson Emil ya san wannan tun a goye. Jiya ina datsa sai na ce a raina watakila bai taɓa gaya muku ba.

Ƙasarku tana da ƙwaron saiwa. Ɗan mitsitsi ne, rawaya, ido ba ya ganinsa sai da gilashi. Yana shiga saiwar inabi ya cinye ta a hankali, sai bayan shekaru ka ga ganye ya fara rawaya, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Ya cinye gonakin jiharku tun kafin a haife ni. Ku can kun sake dashe, kuka yi wa inabinku aure da saiwar da ƙwaron ba ya iya ci, kuka manta da shi. Mu nan bai taɓa shigowa ba. Inabinmu a kan saiwarsu ta asali suke. Ƙasar da za ta maƙale a dugadugin takalmi ɗaya ta isa ta kashe kwarin nan kaf. Shi ya sa za ki ga daro da ruwan magani a bakin kowace gona. Ba ado ba ne, a ciki ake taka.

A 1926 Baffa Emil ya tafi aikin girbi a jiharku ba da yardar ubansa ba. Ya dawo a lokacin sanyi, da takalmin da ya yi aiki da shi a ƙafa. Uban nasa, tsoho Gottlieb, ya tare shi a ƙofa, ya sa ya tuɓe, ya zuba wa takalmin da buhunsa kananzir a gaban maƙwabta, ya kyasta ashana. Emil ya ce, “Baba, ka ƙone takalmi. Saura ni?” Tsohon ya ce, “Wanda ya ɗauko wa 'yan'uwansa mutuwa a ƙafa, ba na dasa masa fure.” Emil ya juya a haka, ƙafa ba komai, ya bi hanyar tasha.

Ki sa takalmin da bai taɓa gona ba. Ki sauka a gidan burodi, ba a kwaleji ba. Don Allah, 'yata.

Alwine

Masaukin Matafiya, Wendorf
9 ga Yuli, 1986

Goggo,

Ban san ko in tambayi lafiyarki ba, tunda jiya na ga ƙarfinki da idona. Ni tafin ƙafata ya fashe wuri biyu, in ban da haka lafiya. Daga tagar ɗakin nan ina hango rufin gidanki, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa. Clarrie ya ce zai miƙa.

Ina so ki ji yadda abin ya faru daga bakina. Wardinsa na kawo. Na datse shi ya zama sanduna uku, na juye shi da ƙasar gangarsa cikin babban gwangwani, na naɗe da bargo. A kan iyaka an tambaye mu ko akwai mai 'ya'yan itace, na ce babu, kuma ban yi ƙarya ba. Tun da kika rubuto cewa layinsa ne kaɗai tsirara ban sake barci mai daɗi ba. So nake ki fito ki tarar an dasa.

Shi ya sa na tambayi Clarrie ko akwai hanyar baya. Ya ce, “Baiwar Allah, ke ce jikar Emil? To ai ni zan fara kai labari! Sauka nan kwaleji, ki bi bayan rumbun gangunan giya, minti goma kin fito gonar. Mene ne a bargon, jariri?” Na ce, “Tsoho ne.” Ya yi dariya har da buga sitiyari.

Na ga daron ruwa a bakin 'yar hanyar. Na tsallake shi, don sabon takalmi ne, a Melbourne na saya saboda in zo miki da mutunci. Hazo bai gama tashi ba. Na bi wardi ɗaya bayan ɗaya har na iso turken da ba komai. Na haƙa da hannu da murfin gwangwani. Ina durƙushe ina danne ƙasa, na ji kamar akwai mutum a bayana wajen ƙofa, na juya da murna na ɗauka ke ce. Ba kowa. Sai can na hango ki a kan keken rawaya, gashinki a warwatse.

Ba ki ce mini sannu da zuwa ba. Cewa kika yi, “Wannan ƙasar daga ina?”

Na ce, “Daga barandarsa, Goggo.”

Kika ce, “Tuɓe takalmin.”

Na ce, “Goggo, ni ce Noelene.”

Kika ce, “Na san ko ke wace ce. Tuɓe.”

Na ga kin tumɓuke shi da hannu, ƙaya ta yage ki ba ki ko ji ba. Na ga kananzir, na ga ashana. Shekara biyu Kaka yana sa ni wanke hannu kafin in ba wardin nan ruwa, ya ƙone kafin a ƙirga hamsin. Da kika ce in tsaya a wajen ƙofa har ki kira hukuma, ban tsaya ba. Na sa hasumiya a kafaɗar dama na taho gari.

Labari ya riga ni isowa. Matar gidan burodi ta ba ni silifas, ta ce, “Riƙe kawai, 'yar nan, ba sai kin dawo da shi ba.” Ita ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin ƙwaron. Wallahi, Goggo, sunansa kawai na sani. A wurinmu ba mai maganarsa. Mai masauki ya shimfiɗa jarida daga bakin ƙofa har ɗakina. Da safen nan na kai hannu kan wani keke, wata ɗaliba ta ce, “Yi haƙuri Anti, tayar ta sace,” alhali ina kallonta a cike.

Motar sai Juma'a. Na zaga garin da ƙafa, kowace hanya na bi sai ta ƙare a inabi da daro, in juyo. Wuri biyu kaɗai ne ba wanda ya bi ni da ido, tsohuwar tasha da maƙabartar cocinku. Na ga kabarin Karoline, na ga na babanki, na ga fili tsakaninsu daidai tsawon mutum, an share shi tsaf. Wa yake share shi?

Na yi kuskure, na sani. In na jawo wa gonar masifa, ba ni da bakin ba da haƙuri. Amma na ji zafin abin da kika yi mini, kuma ba zan ɓoye ba. Ina nan har Juma'a ƙarfe tara, in kina da magana.

Noelene

Wendorf
20 ga Agusta, 1986

'Yata, in har yanzu kin yarda in kira ki haka,

Ina gaishe ki, ina tambayar ƙafafunki. Hannuna ya warke, ya bar tabo. Mako shida ke nan. Waccan Juma'ar na zo har kwanar coci, na ga kin hau motar da silifas, na kasa ƙarasowa. Na fara wannan takarda sau huɗu. Yanzu na gane yadda mutum ke tara ambulan goma sha ɗaya.

Ni na kai kaina ƙara. Jami'in hukumar noma ya zo washegari da mutum biyu. Ba su jira sakamako ba, ni ma ban roƙe su su jira ba. Sun tumɓuke gindi shida na farkon layin Emil, sun ƙone, sun zuba magani, sun kewaye wurin da igiya. Gindi shida da suka ga haihuwar kakana. Sai da aka sa sarƙa da tarakta, saiwar tana ƙara kamar ana cire haƙori. Za su riƙa zuwa dubawa har shekara uku. Maƙwabta suna gaishe ni, amma idonsu a kan ganyena yake.

Makon jiya jami'in ya dawo da gwangwaninki, akwai ragowar ƙasa a gindinsa da suka tafi da ita. Ya zauna a kicin, ya ci kek ɗina yanka biyu kafin ya buɗe baki. Ya ce, “Mama, shekara ashirin ina duba ƙasa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba ƙwaro, ba tsutsa, ba ko irin ciyawa ɗaya. Wannan ƙasar dafaffiya ce. Wani ya gasa ta, kuma ba sau ɗaya ba.”

Da ya tafi na ɗauko takardarki ta farko, wadda na karanta sama-sama. Ga shi nan kin rubuta da hannunki: bulo huɗu, tanderu, faranti-faranti. Ba hauka yake yi ba, Noelene. Shekara sittin yana tsare furen nan daga ƙasarku don ran da zai dawo a ce masa ya shigo. Kin gaya mini tun a Mayu, ni ce ban karanta ba.

Sai na zo kan “fari mai jan baki”. A kwarin nan gidan mutum ɗaya ke da irinsa, kuma ina ganinsa kullum. Na kan layin Karoline ne. Ran da aka kore shi, da ya juya, na ga ya miƙa hannu ta kan shinge ya karyi reshe daga wardin mahaifiyarsa ya cusa a aljihu. Na manta da wannan sarai, sai ranar. Da lokacin fure ne da na gane shi daga nesa. Sanduna uku na gani da baƙuwar ƙasa. Abin gidanmu ne ya dawo gida, na zuba masa kananzir.

Saura magana ɗaya, wadda ko fasto bai sani ba. Ina da shekara bakwai a lokacin. Ni na fara ganin Baffa Emil a hanya, ya ɗaga ni sama, ya ba ni alewa. Da ya sauke ni na ga jan laka a takalminsa. An koya mana tun muna rarrafe, in ka ga baƙuwar ƙasa ka faɗa. Na ruga a guje, alewar tana bakina, ina ihu, “Kaka! Baffa Emil ya zo da ƙasar Victoria a ƙafa!” Maƙwabta duk suka fito. Da ban yi ihun ba, watakila da an wanke takalmin a bayan gida shiru. Tsohon ya shafa kaina ya ce na yi daidai. Abin da ke cin raina shi ne gaskiya ya faɗa. Ranar zuwanki ma, in aka mayar da ni, ban san ƙasar dafaffiya ba ce, zan sake kyasta ashanar. Sau biyu ina yin daidai, sau biyu jinina yana fita ƙofar nan ba takalmi. Filin da kika gani a maƙabarta ni nake share shi.

Tun ranar da na ƙone wardin ban sake ganin mutumin ƙofa ba. An yi hazo sau tara, na ƙirga. Ina fitowa ƙarfe bakwai in tsaya, ƙofa ba kowa. Shekara sittin ina roƙon Allah ya ɗauke mini shi, yanzu da ya tafi na rasa inda zan sa kaina. Ina jin ya ga abin da na yi wa furensa, ya haƙura da mu.

Na yanki reshe uku daga wardin Karoline, suna cikin yashi mai danshi a bayan kicin. Jami'in ya ce za a iya dasawa a wajen igiya. Lokacin dashe ya kusa wucewa. Ban dasa ba, don ba hannuna ya kamata ya yi ba. Ba na cewa ki zo. Ina dai gaya miki suna nan.

Goggonki,
Alwine

Melbourne
28 ga Agusta, 1986

Goggo Alwine,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa ta warke, na koma aiki, ina tsayuwar awa takwas a kanta. Ki riƙa shafa wa tabon nan mai.

Takardarki ta biyu ga Yuli na tarar da ita a ƙarƙashin ƙofa da na koma Burrawee. Na karanta ta a tsaye da silifas ɗin matar gidan burodi a ƙafata. Na yi fushi da ke, na yi fushi da Kaka da bai taɓa buɗe baki ba, na yi fushi da kaina da na tsallake daron nan. Gindi shidan kuwa laifina ne, ba naki ba, kuma zan ji tsoron kowane ganye mai rawaya tare da ke har shekara ukun su cika.

Maganar alewa, ki sauke ta. Kaka ya sha ba ni labarin wata 'yar yarinya mai gudu kamar zomo, da ya ce ta fi duk mazan gidansu hankali. Bai taɓa faɗin sunanta ba, kuma ban taɓa jin ɗaci a muryarsa ba.

Mutumin ƙofa kuwa, ina ganin kin yi masa mummunar fahimta. Ran da zai cika, maganarsa ta ƙarshe ita ce, “Gangar tana kan bulo?” Na ce tana kai. Abin da ya tsare ke nan, kuma ya iso da tsabtarsa. A kan layinsa kika ƙone shi, tokar tana nan a wurin, ruwan sama ya riga ya shigar da ita. Ba tafiya ya yi ba, Goggo. Kina ta duba ƙofar gaba ne, ni kuwa ta baya na shigo da shi.

Na karɓi hutun kwana huɗu. Zan zo Talata, tara ga Satumba, hannu rabbana na gaske. A gidan burodi zan sauka, ko Clarrie zai yi rantsuwa da kabarin ubansa cewa akwai gajeriyar hanya. Ki cika daron. Zan taka a ciki da ƙafa biyu, sannan in tsaya a bakin ƙofa. Ba zan shiga ba sai kin ce in shigo.

'Yarki,
Noelene